Da Naki, Lorraine

Masu karatu, kafin komai ina gode wa waɗanda suka yi sharhi a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya, har da baiwar Allahn da ta rubuta cewa, "Wannan tsohon, ko kunkuru ya fi shi sauri." Ban ji haushi ba. Kunkuru dai yana isa inda za shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Howard, na ba hamsin baya, sana'ata auna idon mutane in sayar musu da tabarau a tsakiyar Sheffield. Matata ta tafi da daɗewa, ta bar min kyanwa da labulen da ita ta zaɓa. Ina kuma son wata mata mai suna Lorraine, mai mashayar Gurgun Zakara, so na shekara da shekaru, wanda ban taɓa buɗe baki na faɗa mata ba. A makon jiya na yi muku alkawarin ranar Asabar zan faɗa. To, Asabar ta zo ta wuce. Ku gyara zama.

Ina tsakiyar aski da safe waya ta fara kuka a bakin madubi. Saƙonni ne a jere daga Yaya Pauline, wadda ta girme ni, kuma ba ta taɓa barin in manta ba.

"Ka tashi?"

"Na ga ka karanta."

"Yau ne fa. Ko ka yi wa mai giyar nan magana, ko gobe ka zo cin abincin rana. Na gayyaci Doreen."

Doreen ƙawarta ce a ƙungiyar mawaƙan coci, mijinta ya rasu. Mace ce mai kirki, ba ni da abin cewa a kanta, sai dai ta taɓa yi min bayanin ciwon gwiwarta tun daga miya har aka kawo shayi. Na rubuta, "Ina aski." Kafin in ajiye wayar ta kira.

"Aski ya hana ka amsa min?"

"Yaya, reza ce a hannuna."

"Yanka kanka ma ci gaba ne, aƙalla an ga jini a jikinka. Wace riga za ka sa?"

"Wadda nake sawa."

"Mai ruwan toka? Howard, rigar nan ta halarci jana'izar Mama. Ka sa shuɗiyar da na saya maka." Muryarta ta sauko. "Ƙanena, ba na son ranar da za a kira ni a ce kyanwa ce ta fara ganin gawarka. Ka ji ko? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka buɗe baki."

Na ciro shuɗiyar daga ledarta, layin ninki a ƙirji kamar an ja da rula. Na goge, layin ya ƙi fita. Na ɗora kwat ɗina ruwan ƙasa mai facin fata a gwiwar hannu, na goge takalmi, na fesa turaren Kirsimeti har kyanwa ta yi atishawa ta bar min ɗakin. A madubi na maimaita maganar da na shirya. Gajeriya ce: "Lorraine, ba don giya kaɗai nake zuwa nan ba." Na faɗe ta a tsaye, na faɗe ta a zaune. A tsaye ta fi fita, amma sai ta yi kama da sanarwar tashar jirgi.

Bayan la'asar na sauka daga bas, ana yayyafi, na bi ta bayan kasuwa na tura tsohuwar ƙofar nan mai nauyi. Komai na nan inda yake: wuta na ci a murhu, katakon kanta ya yi baƙi don shan gwiwar hannun mutane, famfunan giya a jere da mariƙinsu na tangaram. Babu talabijin, babu kiɗa, sai ƙarar masu wasan domino a kusurwa da warin rigunan da ruwa ya taɓa. Cyril na kan kujerarsa ta kullum, karensa kwance a kan ƙafarsa. Tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, kunnensa ɗaya ya mutu a can, shi ya sa raɗarsa ma ana jin ta a titi.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To kotu za ka? Kai, ji wani ƙamshi! Lorraine, buɗe taga, karena zai suma."

"Ka bar shi, tsohon banza," in ji Lorraine daga bayan kanta. "Kishi kake don kai rabonka da sabuwar riga tun ana biyan ka albashi. Sannu da zuwa, masoyi."

Kada zuciyarku ta buga. Masoyi take ce wa kowa: ni, da Cyril, da karen Cyril, da mai karanta mitar wuta. A garinmu direban bas mai gemu ma haka zai ce maka yana miƙo tikiti. Na daɗe da daina ɗaukar kalmar gida.

Tana sanye da koriyar rigar sanyi, ta naɗe hannayen zuwa gwiwa, gashinta da furfura ta fara ratsawa a ɗaure da fensir. Tabarau ɗin da ke rataye a wuyanta ni na auna mata. Ranar na kalli cikin idonta na tsawon lokaci da 'yar fitila, abin da na iya ce mata shi ne na hagu ya fi na dama rauni.

"Na buɗe sabuwar ganga," ta ce. "Baƙar giya ce. Tun Laraba take kwance a ɗakin ƙasa, na hana kowa ya yi tari kusa da ita. Ɗanɗana ka gaya min."

Ta zuba min ɗan kurɓi. Na ɗaga shi wajen hasken taga, na shinshina, na juya shi a baki. Nan ne kaɗai a duniya nake da baki. In dai giyar ganga ce, zan gaya maka ta kwanta ko ba ta kwanta ba, an yi mata gaggawa ko an bar ta ta huce, saura kwana nawa ta fara tsami.

"Ta kwanta," na ce. "Akwai ɗan ɗaci a ƙarshe, irin wanda ake so."

"To alhamdu, malam ya sa hannu," in ji Cyril.

Ta ja famfon a hankali, ta saki, ta sake ja, kumfa ya taso ya zauna a bakin kofi kamar hula. Na miƙa kuɗi, na faɗi abin da nake faɗa kowace Asabar.

"Da naki."

Kowa na faɗar haka in ya ga dama, kuma kowa ya san amsar. Mai mashaya za ta ce, "Na gode, masoyi, sai anjima zan sha," ta jefa 'yan silalla a wani kofi kusa da akwatin kuɗi, shi ke nan. Ba a sha. Da ana sha, da babu mai mashayar da za ta kai magariba a tsaye. Ni dai tawa "da naki" ɗin ita ce duk zancen da na iya. Wasu na kai furanni, wasu na rera waƙa a ƙarƙashin taga. Ni kalma biyu nake kaiwa, a jefa su a kofi.

Ranar kuwa ba ta jefa komai a kofi ba. Ta tsaya da kuɗin a hannu. Sai ta ɗauko ƙaramin kofi, ta ja wa kanta rabi daga baƙar gangar. Ta ɗaga murfin kantar mashayar ta fito.

"Cyril, in wani ya zo ka ce ya jira. Howard, zo mu zauna."

Howard. Ba masoyi ba.

Domino ya tsaya. Cyril ya buɗe baki, har haƙoransa na roba suka ɗan sauko. Ni kuwa na bi ta zuwa ɗan lungun da ke bayan murhu kamar rago a bayan mai dusa. A zuciyata na ce, Howard, Allah ya dube ka. Ta gaji da jira, za ta sauƙaƙa maka. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Yaya Pauline ta ba Doreen haƙuri.

Muka zauna, ɗan teburi a tsakaninmu. Ta kurɓa, ta ajiye, tana juya kofin a kan katako.

"Rigar ta yi maka kyau."

"Yayata ce ta saya."

"Na sani. Kai da ba ka sayen abu mai launi." Ta yi ɗan murmushi, ya ɓace. "Ka san Keith."

Na san Keith mana. Shi ke kawo mata ganguna a babbar mota kowace Laraba, ƙato mai wuya kamar na bijimi, matarsa ta rasu shekarun baya. Mutum ne da ke ɗaukar giya mafi kyau a ƙasar nan a kafaɗarsa, in ya gama ya zauna ya ce a ba shi ta firji mai gas, wadda ba ta da maraba da ruwan wanke kwano. Laifinsa ke nan a wurina, kuma na bincika sosai ban samu wani ba.

"Ranar Laraba a ɗakin ƙasa," ta ce, "ya nemi in aure shi."

Na ajiye kofina a kan tebur.

"Yana da ɗan gida a Filey, a bakin teku, na gwaggonsa ne ya gada. Zai ajiye aiki kafin hunturu. Ya ce ƙafafuna sun yi tsayuwar da ta ishe su." Ta dubi ƙafafun, ta ɗago ta dube ni. "Na ce bari in fara gaya maka, kafin kowa."

Ta zuba min ido, tana jira.

Masu karatu, yanzu da nake rubutu ina iya maimaita muku kalmominta ɗaya bayan ɗaya. A lokacin kuwa kunnena ya ɗauki wani ƙugi, kamar na sa kai cikin ganga. Abin da na ji shi ne: Keith, aure, teku, tafiya. Na ji fuskata na shirin yin wani abu da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Leɓena na ƙasa ya fara rawa. Ni, mai facin fata a gwiwar hannu, zan yi kuka a Gurgun Zakara ranar Asabar, 'yan domino na kallo.

A wurinmu, namijin da aka buga da ƙasa irin haka abu ɗaya ya rage masa. Haka na ga mahaifina ya yi ranar da aka sallame shi daga aiki. Ka miƙe, ka gyara kwat, ka saya wa kowa.

Na miƙe.

"Howard, tsaya—"

"Jama'a!" Muryar da ta fito ban san ta ba, babba ce, har da fara'a a cikinta. "Kowa ya ɗaga kofi! Lorraine za ta yi aure! Keith ne ya yi sa'a! Zagayen nan ni zan biya, kowa ya faɗi abin da zai sha!"

Mashaya ta ɗauka. Aka hau dukan tebura, kare ya tashi yana haushi. Wasu 'yan ƙwallo da suka shigo fakewa ruwa, waɗanda ba su san Lorraine ba balle Keith, su ne suka fi kowa ihu. Wata tsohuwa daga teburin domino ta rungume ta tana cewa, "Ai ni na sani, na ga yadda yake ajiye miki ganga kamar ƙwai!"

Lorraine ta miƙe a hankali. Ba ta dube ni ba. Ta bar rabin giyarta a kan tebur, ta ɗaga murfin kantar ta koma ciki, domin zagaye ba ya zuba kansa. Haka ta tsaya tana jan famfo, kofi bayan kofi, ana yi mata barka tana cewa na gode, masoyi, na gode.

"Amarya, a cika min har baki!"

"Lorraine, in ya ce ki sha ta firji, ki dawo gida, ƙofa a buɗe take!"

"Wa zai riƙe mana nan in kin tafi? Kada ki sayar wa masu talabijin fa!"

Ni ina tsaye a ƙarshen kanta ana bubbuga min kafaɗa, ana ce min mutumin kirki. Ina ta dariya. Har wani ɗan alfahari na ji, na ce a raina, ka gani, ka ɗauki abin kamar namiji.

Cyril ya matso, wayarsa a hannu, ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ne. "Ni fa na ɗauka kai ne. Da na ga rigar nan na ce yau tsohon kunkuru zai fito da kai."

"Ka ɗauka ba daidai ba."

"To, Allah ya sa haka ya fi. Na kira angon, yana gidan ƙanensa nan bayan kasuwa. Na ce masa, shege, ka yi shiru da irin wannan labari? Kamar ma bai gane ba da farko. Sai da na ce Howard ne ya yi shela da bakinsa, sannan ya yi wani ihu ya kashe. Yana hanya."

Kofina ne na ƙarshe. Ta kawo shi har gabana, ta ajiye a kan ɗan tsumman kanta, ba ta saki ba. Ta sunkuyo yadda ni kaɗai zan ji. Fuskarta babu fushi, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi.

"Me na ce maka, Howard?"

"Kin ce... Keith."

"Na ce ya nema. Ka ji na ce na amsa?"

Hayaniyar ɗakin ta ja baya, kamar an rufe ƙofa tsakanina da ita.

"Na ce masa ya ba ni zuwa Lahadi," ta ce. "Da na amsa masa, me zai fito da ni daga bayan kantar nan? Shekarun nan duka ina karɓar 'da naki' ina jefawa a kofi. Yau na ce bari in sha, in ji ko akwai wani abu a bayanta."

"Lorraine, ni ban..."

"Kai da kake gane gangar da aka yi wa gaggawa daga kurɓi ɗaya."

"Amarya, gyaɗa biyu a nan!" wani ya kira. Ta saki kofin, ta tafi.

Baki shi ke yanka wuya, in ji mutane. Ba su faɗi cewa wani lokacin mai wuyan ne ke wasa wuƙar, ya kuma saya wa 'yan kallo abin sha ba. Na ɗauki kofin, na tsaya ina lissafin abin da ya rage min. Zan iya buga katakon kantar in ce jama'a, kuskure na yi. Zan iya zagayawa ta baya in same ta wajen gyaɗa. Maganar da na shirya tana nan a bakina, gajeriya, na ma san a tsaye ta fi fita. Na ajiye kofin. Wallahi na ajiye shi, har na ɗaga ƙafa.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, iska ta shigo da ruwa.

Keith ne, ba kwat, riga ta manne masa a jiki, ƙafa ɗaya takalmi ba a ɗaure ba. Da gudu ya zo, ƙato kamar wannan, yana haki kamar zai faɗi. Aka sa ihu, aka buɗe masa hanya. Ni ya fara cin karo da ni. Ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, ya jiƙa min shuɗiyar riga.

"Howard! Kai ka fara ji? Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa. Rabona da barci tun Laraba."

Ya sake ni, ya juya wajen kanta. Sai na ga ƙaton nan ya zama ƙarami. Ya share ruwan fuskarsa da tafin hannu, idonsa ja, ba na ruwan sama ba.

"Lorraine," ya ce. "Cyril ne ya gaya min, kin san kunnensa. Gaskiya ne?"

Aka yi tsit. Har kare ya zauna.

Ba shi ta duba ba. Ta ɗora hannu a kan mariƙin famfon baƙar gangar, ta dube ni ta saman kafaɗarsa. Ba dogon kallo ba ne, amma ya ishi mutum ya ce kalma ɗaya. Ko sunanta ma na kira, da ya isa. Ina ganin ƙeyar Keith, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ina ganin mutanen da suka ɗaga kofunan da na saya musu, suna jira da murmushi. Na tuna ni ne na tara su.

Na ɗauki kofina na kurɓa.

"Gaskiya ne, Keith," in ji Lorraine.

Rufin ɗakin ya kusa tashi. Aka yi kan Keith, aka rufe shi, wani ya fara waƙa, Cyril na dukan katakon kantar da sandarsa. Babu mai kallonta a wannan ɗan lokaci sai ni. Ta ɗauko wani kofi wanda babu wanda ya nema, ta sa a ƙarƙashin famfo, ta ja. Ya cika, ta sake ja. Kumfa ya haura baki, baƙar giya ta bi yatsunta ta gangara har gwiwar hannu, ta jiƙa koriyar rigar, ita kuwa tana ta ja, idonta a kan kofin. A iya zamana a mashayar nan ban taɓa ganin hannun nan ya zubar da ɗigo ba.

Ni ma na yi abin da na iya. Na miƙa mata tsumma.